Sanarwa: tattaunawarmu ta Asabar a kan Unity Dow

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

In Allah ya kai mu Asabar bayan sallar isha'i, za mu tattauna rayuwar Mai Shari'a Unity Dow ta ƙasar Botswana, wadda aka haifa a garin Mochudi a 1959.

Tun tana lauya ta maka gwamnatin ƙasarta a kotu. Mijinta na lokacin Ba'amurke ne, dokar lokacin kuma ta ce ɗan da aka haifa ta hanyar aure ƙasar ubansa yake bi. Sai ga ƴaƴanta biyu, haihuwar Botswana, goyon Botswana, sun zama baƙi a garin mahaifiyarsu, sai da takardar izinin zama. Ku duba wannan zalunci, jama'a! Ta yi nasara a babbar kotu, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1992, aka gyara dokar a 1995.

A 1998 ta hau kujerar alƙalin babbar kotun ƙasar, mace ta farko. A 2006 tana cikin alƙalai 3 da suka yanke cewa korar ƙabilar San daga gandun dajin Kalahari ta saɓa doka. Daga baya ta riƙe ministar ilimi, sannan ta harkokin waje.

Don Allah kafin ranar a leƙa sashe na 26 na tsarin mulkin Najeriya, wanda ya bai wa baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajistar zama ƴar ƙasa, bai ambaci mijin ƴar Najeriya ba. Lauyoyin cikinmu, ku za ku buɗe mana maganar.