Mu Ma A Arewa Muna Da Haƙƙin Tunawa Da Imoudu

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya ya aiki ya jama'a. Don Allah a ɗan sammin fili in yi magana kan wani dattijo da nake ganin mun yi masa butulci, wato Michael Imoudu, shugaban ma'aikatan reluwe da ya rasu a watan Yunin 2005 yana da shekara 102 a duniya.

Abin da ya tunzura ni, kwanaki a majalisarmu na ambaci sunansa, cikin matasa wajen goma wallahi ba wanda ya taɓa jin sa, wani ma cewa ya yi ɗan ƙwallo ne? Ni kuwa a kwatas ɗin reluwe na Zariya na tashi, mahaifina Allah ya jiƙansa shekara talatin ya yi yana zuba wa jirgi kwal kafin a koma dizal, har ya bar duniya akwai baƙin da bai fita daga tsagar tafin hannunsa ba, kuma a ɗakinsa hoto biyu ne kawai a bango, na Malam Aminu Kano da na Imoudu.

Mutumin nan ɗan ƙasar Ora ne a jihar Edo ta yanzu, an haife shi a 1902, ya shiga reluwe a Legas a matsayin mai koyon aikin ƙarfe, ba wani dogon boko ya yi ba. Amma a 1941 shi ya ja ma'aikata suka taka da ƙafa har gidan Gwamna Bourdillon suna neman haƙƙinsu, a lokacin da ko haɗa ido da Bature sai mai ƙarfin hali. A 1943 Turawa suka tsare shi a can yankinsu, ba su sake shi ba sai 1945, kuma yana dawowa ko hutawa bai yi ba aka faɗa babban yajin aikin nan na kwana 44 kan alawus ɗin tsadar rayuwa, don yaƙin duniya ya sa komai ya yi tsada albashi kuma na nan inda yake. Jirgi ya tsaya, waya ta tsaya, tashar ruwa ta tsaya. Mahaifina lokacin yana yaro amma kullum sai ya ba mu labarin yadda tashar Zariya ta yi tsit, taragu jere a kan dogo ba mai taɓa su, mata na ta haɗa ɗan hatsin da ke gare su a dafa a tukunya ɗaya saboda ba albashi. Daga ƙarshe dai dole Turawa suka kafa kwamiti aka ƙara kuɗin.

To wani zai ce ai ɗan kudu ne, ina ruwanmu. Haba! Wanda duk ya san siyasar jamhuriya ta biyu ya san Imoudu ne mataimakin Malam Aminu a PRP, da jam'iyyar ta dare gida biyu aka samu taɓo, wato ɓangaren Malam Aminu, da kuma santsi, Imoudu ne ya shugabanci santsi, ɓangaren su Abubakar Rimi da Balarabe Musa. Baba ɗan taɓo ne na gani kashe ni, ranar da ya ji Imoudu ya bi santsi ko tuwon dare bai ci ba don takaici, amma hoton nan bai sauke shi ba. Na taɓa tambayarsa dalili ya ce min kai yaro, siyasa daban, wanda ya shiga ɗauri saboda abincin bakinka daban.

Na san akwai cibiyar nazarin ƙwadago a Ilori da aka sa wa sunansa, madalla, sai dai lebura nawa ne zai je can ya gani? Roƙona ga gwamnati da shugabannin ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa NLC shi ne in an kammala sabon layin dogo na Kaduna zuwa Kano a sa wa tasha ɗaya sunansa, in son samu ne ta Zariya, a kafa hotonsa da ɗan tarihinsa da Hausa a inda fasinja ke zaman jira. Tsofaffin 'yan reluwe da suka gan shi ido da ido saura ƙalilan, don Allah Edita ku tura wakilinku Sabon Gari ya zauna da su tun suna raye.

Naku,
Ɗan tsohon ma'aikacin reluwe, daga Zariya.