Kafin a zana hoton mace a jiki

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana kan wani yayi da ke shiga ran matasa ta intanet, wato babban zanen tatu, wanda ake yi a fata da allura da tawada, na hoton mace irin na Amurkawan da, wanda ke cinye dantse ko bayan mutum gaba ɗaya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ɗan ƙanwata ne ya nuna mini irin hoton a wayarsa, wai shi yake so a jikinsa.

Hotunan nan suna da asali. A shekarun 1940 Alberto Vargas ya riƙa zana 'yan mata masu guntayen tufafi a mujallar Esquire, Gil Elvgren kuma a kalanda. Sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu suka riƙa yankowa suna mannawa a bango, har a goshin jiragen yaƙi an zana su. Daga takarda suka koma fata a hannun irin su Norman Collins, wanda aka fi sani da Sailor Jerry, mai yi wa sojojin ruwa zane a birnin Honolulu na jihar Hawaii. Ko a can ɗin ma ba a sakar wa abin mara ba, domin tun 1909 rundunar ruwan Amurka ta ƙi ɗaukar wanda ke da zanen batsa a jikinsa aiki sai ya gyara, shi ya sa wasu suka riƙa komawa a zana wa matar riga.

Ni dai fatar ce damuwata. Allura tana kai tawada ne can ƙarƙashin fatar sama, inda ba ta saɓewa, don haka wanka ba ya fitar da ita. Babban zane kuwa ba a gama shi a zama ɗaya. A yi awanni ana huda, a bari ya warke, a sake dawowa, kuma kowane zama sabon rauni ne. Idan allurar ba ta da tsafta, ana iya ɗaukar ciwon hanta nau'in B ko C. Jan launi, wanda hotunan nan ba sa rabuwa da shi a leɓe da riga, shi ya fi jawo ƙaiƙayi da kumburi. Mu masu baƙar fata kuma mun fi saurin yin tabon nan mai tudu da ke ci gaba da girma. Sannan siraran layukan ido da baki sukan bazu da shekaru, fuskar ta dagule.

Masu cewa ai na'urar haske ta leza za ta goge, su sani cewa farfasa tawadar take yi kaɗan-kaɗan, zama bayan zama, da makonni a tsakani. Baƙi ya fi saurin fita, kore da rawaya suna da taurin kai, kuma a fata irin tamu tana iya barin tabo fari-fari.

Ina roƙon ku gayyato likitan fata a shafinku na lafiya, ya yi wa matasa wannan bayani dalla-dalla.

Taku,
Wata ma'aikaciyar jinya