Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya goge mini kayan takobin samurai

Zuwa ga shugabannin kamfani,

Bayan gaisuwa, na rubuto muku a fili ne saboda amsar da ma'aikacinku ya ba ni ba ta kama hanyar gyara ba, kuma ɓarnar da aka yi mini tana iya faɗa wa wani gobe.

Kayan ƙotar takobi uku na saya a wurinku: tsuba, wato faifan da ke kare hannu tsakanin ƙota da ruwan takobi, sai fuchi da kashira, zoben bakin ƙota da hular gindinta. Tallarku ta ce na zamanin Edo ne na Japan, tsakanin 1603 da 1868, an yi su da shakudo, kuma suna da takardar Hozon, wato shaidar sahihanci, ta NBTHK, ƙungiyar adana takubban Japan da ke Tokyo. A hotunanku baƙaƙe ne wuluk, da ɗan shuɗi-shuɗi. Da na buɗe kwalin sai na tarar da su jajaye suna ƙyalli, audugar da aka naɗe su tana warin man goge ƙarfe. Na yi magana, aka ce mini wai an tsabtace su ne kafin a aiko, kuma ba a caje ni ko sisi ba.

Wannan amsa ta fi ɓarnar ƙona mini rai, domin ta nuna wanda ya riƙe kayan bai san abin da ke hannunsa ba. Shakudo tagulla ce da aka gauraya da zinariya kaɗan. Baƙin nan da aka kankare maƙerin ne ya sa shi da gangan: bayan ya gama aiki yakan wanke ƙarfen da gogaggiyar saiwar daikon, wani farin kayan lambu mai kama da karas, ya dafa shi a ruwan rokusho, wani haɗin sinadarin tagulla, har launin ya kama. A kan wannan baƙi ne zinariyar ado take fitowa. Yanzu ja ne a kan ja, ganyen da aka zana da ƙyar ake gane shi.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne nanako, ƙananan ɗige-ɗigen nan masu kama da ƙwan kifi da suka rufe fuskar kayan. Ɗaya bayan ɗaya ake buga su da ɗan ƙarfe mai rami a baki, layi bayan layi. Wannan salo shi ya ɗaukaka gidan Goto, zuriyar Goto Yujo da ya rasu a 1512, waɗanda suka yi wa sarakunan yaƙin Japan aiki ƙarni bayan ƙarni. Nawa ba na gidan ba ne, amma hannun da ya yi su gwani ne. Na sa madubin ƙara girma na duba: kawunan ɗigon sun baje, busasshen farin mai ya maƙale a tsakaninsu, zinariyar gefen ganyen ta sale. Ƙwararre zai iya sake dafa ƙarfen launi ya dawo, amma ɗigon da ya baje ya tafi ke nan.

Ku da kuke wannan sana'a kun san tun dokar 1876 da ta hana samurai yawo da takobi kasuwar waɗannan maƙera ta karye, abin da ya saura sai raguwa yake yi. Kun san an kafa NBTHK a 1948 ne don ceto irin waɗannan kaya bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da ake ƙwace takubba ana lalatawa. Takardarta tana ɗauke da hoton kayan, ga shi yanzu hoton da abin da ke hannuna sun sha bamban. Wane mai saye ne zai yarda da ita?

Akwai kuma abin da ke damuna fiye da kuɗina. Kuna sayar da takubban kansu. Baƙar tsatsar da ke kan nakago, wutsiyar takobin da ke shiga cikin ƙota inda maƙeri ke sa sunansa, tana cikin abubuwan da masana ke kimanta shekarun takobi da su. Idan mai tsumman nan yana kaiwa can, asarar ta wuce tawa nesa ba kusa ba.

Saboda haka ina neman ku karɓi kayanku ku mayar mini da kuɗina cif, har da na aikowa da na kwastan. Ku hana goge duk wani tsohon kaya a ɗakin ajiyarku daga yau. Waɗanda kuka riga kuka aika wa gogaggun kaya kuma, ku rubuta musu ku gaya musu gaskiya. Rasit da hotunan kafin da bayan gogewa suna hannuna, zan turo su ga duk wanda kuka ɗora wa wannan magana.

Naku,
mai sayen kayanku