Waɗanda suka fara ƙin lambar agana, da dalilan da suka bayar

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in gyara wata magana da ke tasowa duk lokacin da masu rigakafi suka fito gida-gida a nan Katsina, da akwatunan ƙanƙara da allin da suke rubutu da shi a ƙofa. Wasu na cewa ƙin allura jahilcin mutanen Arewa ne. Wasu kuma na cewa allurar ce abin Turawa, ƙaƙaba mana ita aka yi. Wanda ya san yadda aka yi da ciwon agana ba zai yarda da ko ɗaya ba. Dabarar lamba, wato shafa wa mai lafiya ɗan ruwan ƙurjin agana a fata don kare shi, daga ƙasashen Musulmi da na baƙar fata ta shiga Turai, kuma waɗanda suka fara tayar da jijiyar wuya a kanta likitoci ne da limaman coci na Landan da Boston.

Yaran yanzu ba su san agana ba, sai dai su ga tsoho da zanzana a fuska. Nau'inta mai tsanani kan kashe mutum biyu zuwa uku cikin goma da suka kamu, ta makantar da wasu. Amma wanda ya tashi daga gare ta ba ya sake yi, kuma a kan wannan aka gina tsohuwar dabarar. Sai a nemi wanda tasa ta zo da sauƙi, a tsikari ƙurji ɗaya a ɗebi ruwansa, a yi wa mai lafiya 'yar shasshawa a hannu, a shafa, a ɗaure. Bayan kwana uku ko huɗu wurin zai yi ja ya tasa. Wajen kwana na bakwai ko na takwas zazzaɓi zai zo, sai ƙuraje 'yan kaɗan su biyo baya, su bushe, ɓawon ya zube cikin mako uku zuwa huɗu. Sauƙin ya samo asali ne daga hanyar da cutar ta bi. Idan ta numfashi ta shiga, takan yi wajen kwana goma sha biyu tana yaɗuwa a ɓoye kafin ta bayyana. Idan ta fata aka saka ta, jiki kan farga da wuri. Kakanninmu a ƙasar Hausa sun yi irin wannan tun kafin zuwan Turawa, kuma sun san akan rasa wasu yaran a ciki.

A 1717 wata Baturiya, Mary Wortley Montagu, matar jakadan Ingila a daular Usmaniyya ta Turkiyya, ta rubuta wa ƙawarta abin da ta gani. Ta ce cikin watan Satumba, idan zafi ya ragu, tsohuwa kan zo da ruwan ƙurji a cikin 'yar kwasfa, ta karce fata da babbar allura wuri huɗu ko biyar, ta ɗiga abin da kan allurar zai iya ɗauka, ta rufe. Ran kwana takwas yaro ya kwanta, kwana biyu ko uku ya miƙe. Ita kanta agana ta ɓata mata fuska, ta kuma kashe ƙanenta. Ta sa aka yi wa ɗanta a 1718 a Istanbul, aka yi wa 'yarta a Landan a 1721. A shekarar ne aka gwada a kan fursunoni shida na kurkukun Newgate bisa alkawarin sakinsu, duk suka rayu. Daga baya, a 1728, jakadan Tarabulus ta Libiya a Landan ya shaida wa ƙungiyar masanan Ingila cewa a Tarabulus da Tunis da Aljaza'ir abin ya daɗe har ba wanda ya san mafarinsa. Tarabulus ɗin nan dai ita ce wadda ayarin fatake ke zuwa daga Katsina ta Agadas.

A Boston ta Amurka kuwa, wani bawa ɗan Afirka da aka raɗa wa suna Onesimus ne ya nuna wa ubangidansa, limamin coci Cotton Mather, tabon da ke hannunsa, ya bayyana masa yadda ake yi a ƙasarsu. Da annoba ta ɓarke a 1721, Mather ya roƙi likitocin garin su gwada. Mutum ɗaya ne ya amsa, Zabdiel Boylston, kuma da ɗansa mai shekara shida ya fara, ranar 26 ga Yuni. Gari ya ɗauki zafi. Hukumar garin ta hana shi, ya ci gaba. Cikin Nuwamba wani ya jefa gurneti ta tagar gidan Mather da takardar zagi ɗaure a jiki, Allah ya sa bai tashi ba.

Wani ɓangare na ƙiyayyar raini ne tsagwaronsa. William Douglass, wanda shi kaɗai ke da digirin likita a Boston, ya ce ba a kafa hujja da maganar bayi baƙar fata don maƙaryata ne. A Landan likita William Wagstaffe ya yi mamakin yadda za a shigar da aikin wasu jahilan mata cikin gidan sarauta. Wani ɓangaren kuma na addini ne. A 1722 wani limami, Edmund Massey, ya yi huɗuba ya ce cuta jarrabawa ce ko horo daga Ubangiji, kuma tare ta shisshigi ne. Har ya ce ƙurajen Annabi Ayuba irin wannan lambar ce Shaiɗan ya yi masa. Mu dai an daɗe da ba mu amsar wannan. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah.

Amma akwai inda masu ƙin suke da gaskiya, kuma nan ne ya kamata ma'aikatan lafiya su tsaya su duba. Wanda aka yi wa tsohuwar lamba agana ta gaske yake ɗauke da ita. Shi ta zo masa da sauƙi, amma wanda ya shaƙa daga gare shi cikakkiya zai yi. Tun daga fitowar ƙuraje har faɗuwar ɓawo na ƙarshe yana iya harbin mutane, shi da tufafinsa da shimfiɗarsa. Tun da ba ya jin jiki sosai, sai ya fita kasuwa. Douglass ya faɗi wannan, kuma bai yi ƙarya ba. Saboda wannan tsoron ne majalisar shari'a ta Faris ta hana yin lambar a cikin gari a 1763, kuma a 1774 mutanen Marblehead a Amurka suka ƙone asibitin da aka gina don ita.

Ga kuma ɓarnar da likitocin Ingila suka ƙara da hannunsu. Sun ga karce da allura ya yi musu arha, sai suka koma yanka mai zurfi da wuƙa, su cusa zare da aka jiƙa da mugunya. Yanka mai zurfi na kai cutar da yawa cikin jiki, ga miki da ke ruɓewa. Kafin ranar ma sai sun yi makonni suna zubar wa mutum jini, suna ba shi maganin amai da na wankin ciki, suna hana shi abinci mai maiƙo, har ya rame. An gayyato cuta, an kuma karya mai masaukinta. Kuɗin wannan hidima ya fi ƙarfin talaka, sai ya zama mai hali ya tsira, maƙwabcinsa ya kwashi cutar daga gidansa.

Lissafi ne ya fara raba gardamar. A Boston mai mutum wajen 11,000, kusan rabi suka kamu, 844 suka mutu, wato ɗaya cikin bakwai. Cikin mutum 240 da ɗoriya da Boylston ya yi wa lamba, shida suka rasu, ɗaya cikin arba'in ke nan. A Ingila likita James Jurin ya tattara rahotanni shekara da shekaru ya sami kusan ɗaya cikin hamsin. Ba a ɓoye mutum shidan nan ba, an rubuta su, shi ya sa aka yarda da sauran lissafin. Douglass da kansa ya dawo yana yin lambar daga baya. Sai gyaran aiki: wajen 1760 iyalan Sutton, masu yin lamba a Ingila, suka koma ɗan tsikari marar zurfi, da ɗigon ruwan ƙurjin da bai nuna ba, suka rage wahalar shiri, suka bar majinyaci ya sha iska, aka kuma riƙa killace waɗanda aka yi wa. Wato an koma kusa da yadda tsohuwar nan ta Turkiyya take yi.

A ranar 14 ga Mayu 1796 wani likitan Ingila, Edward Jenner, ya ɗebi ruwan ƙurjin da masu tatsa ke ɗauka daga hantsar saniya ya saka wa yaro mai shekara takwas. Wannan yana kare mutum daga agana, kuma ba ya yaɗa ta. Duk da haka aka zana hotuna ana nuna mutane suna tsiro da kawunan shanu. Nan ma akwai laifi na gaske a ƙarƙashin shirmen: ana ɗibar ruwan daga hannun wannan yaro zuwa na wancan, kuma ta haka a 1861 yara sama da arba'in suka kamu da tunjere a ƙauyen Rivalta na Italiya. Ingila ta wajabta lambar Jenner a 1853, ta bi iyaye da tara da ɗauri, abin da ya haifar da babbar zanga-zanga a Leicester a 1885. A 1898 ta sassauta dokar, ta kuma daina ɗiba daga hannu zuwa hannu. A ƙasashe masu zafi irin tamu matsalar daban ce: ruwan maganin kan mutu a hanya, a yi wa mutum lamba ba ta kama ba, ya zo ya kamu, jama'a su ce aikin banza ne. Sai da aka sami busasshen magani mai jure zafi aikin ya tafi daidai. An ga agana ta ƙarshe a Nijeriya a 1970, aka sanar da ƙarewarta a duniya a 1980.

Roƙona ga masu fita rigakafi a Katsina da Daura da ƙauyukansu shi ne su faɗa wa uwa abin da zai biyo baya tun kafin su huda yaro. Allurar da ake yi a cinya a mako na 6 da na 10 da na 14 takan kawo zazzaɓi da kumburin wurin na kwana ɗaya ko biyu. Ta tarin fuka da ake yi wa jariri a damtsen hagu takan tasa bayan 'yan makonni, ta yi ɗan ƙurji, ta fashe, ta warke ta bar tabo. Kada a matse shi, kada a shafa masa komai. Idan zazzaɓi ya wuce kwana biyu, ko yaro ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga, a kai shi asibiti nan take da katinsa a hannu.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Ƙofar Sauri, Katsina