Sojan da ya dawo ma yana da haƙƙi a kanmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Duk sanda aka ce za a ɗauki kuratan soja, samarin Damagaram kan cika bakin titi tun asuba suna gudu, suna shirin ranar awo. A kansu nake son yin magana.

Ana cewa kishin ƙasa ne ke kai su, kuma akwai shi, ban musa ba. Amma wanda ya san unguwannin Kara-Kara da Garin Malam ya san sauran labarin. Yaro ya gama lakwal, wani har da bak, takardar kammala sakandare, a hannu, ya ƙare a zaman fada ana dafa shayi, ko yana kabu-kabu da babur ɗin wani. Matatar man fetur ta SORAZ da aka buɗe a 2011 ta sa mana rai, to mutum nawa za ta ɗauka? Soja kuwa albashi ne duk ƙarshen wata, ga kaki, ga mutunci a unguwa. Gidan da aka hana shi mata bara, bana da hannu biyu za a karɓe shi. Wasu ma iyaye ne ke tura su, don a ganinsu gara horon bariki da yaro ya faɗa cikin ƴan ƙwaya da adda.

Mun ga farashin abin. A harin da aka kai barikin Inates, ran 10 ga Disamba 2019, sojoji 71 suka kwanta dama. Wata guda bayan nan, a Shinagodar, 89. A Yamai aka yi jana'izar na Inates, ke nan uwar da ke Damagaram, in ɗanta na cikinsu, kusan kilomita 900 ke tsakaninta da kabarinsa. Allah Ya jiƙansu.

Waɗannan dai an yi musu zaman makoki na ƙasa. Wanda ya dawo da ransa daga Difa ko Tilaberi fa? Akwai wanda ba ya iya barci. Salansar babur ta yi ƙara, sai ya zabura. Ya daina hira, abu kaɗan ya hau matarsa da faɗa, daga nan sai tiramol. Mu kuma sai mu ce ya lalace ko an yi masa sammu, alhali ciwo ne da likita ya san shi, kuma yana da magani. Wannan ya fi komai ci mini rai, domin shi kansa yana jin kunyar ya ce ba shi da lafiya, wai soja ba ya raki.

Ga kuma matar da ta fita takaba da goyo a baya, ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba don karɓar haƙƙin mijinta.

Edita, ina roƙon ku ware fili ku ji ta bakin waɗannan mata da tsofaffin sojoji. Ku tambayar mana hukuma ko kowane bariki na da likitan ƙwaƙwalwa, da kuma ko matar mamaci za ta iya gama takardunta a jiharta ba tare da ta ci bashin kuɗin mota zuwa Yamai ba.

Wassalam,
Wani malamin makaranta, unguwar Birni, Damagaram