Abin da gidajen rediyonmu za su iya ɗauka daga tashar WINS

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi tsokaci kan tarihin wata tashar rediyo ta birnin New York a ƙasar Amurka, mai suna WINS, wadda ke watsa shirye-shiryenta a matsakaicin zango, wato AM, kan lamba 1010. An buɗe ta a shekarar 1924 da sunan WGBS, kuma ta sami sunanta na yanzu bayan da attajirin jaridu William Randolph Hearst ya saye ta a farkon shekarun 1930. Ta daɗe tana tashe da kiɗan samari, har zuwa ranar 19 ga Afrilu, 1965, lokacin da kamfanin Westinghouse, wanda ya mallake ta tun 1962, ya kawar da faya-fayan kiɗa baki ɗaya, ya mayar da ita tashar labarai zalla, dare da rana.

A ganina, abin da ya raya ta tsawon shekarun nan shi ne riƙon lokaci, ba yawan labarai ba. An tsara shirin ya riƙa kewayowa kowane minti 20: kanun labarai, cunkoson hanyoyi, yanayin sama, wasanni da harkar kasuwa, kowanne da mintinsa da ba ya sauyawa. Takenta ma cewa yake yi a ba su minti 22 su kawo wa mai sauraro duniya, ko da yake ban ga inda suke kai ragowar minti biyun ba. Saboda haka direban da ya kunna rediyo ya san daidai lokacin da zai ji halin da gadar da zai bi take ciki, ba sai ya yi zaman jiran a gama gaishe-gaishe ba. Abokiyar gasarta, WCBS mai lamba 880, ta bi sahu a 1967, amma ta daina labarai a watan Agustan 2024, ita kuwa WINS ta ƙara da zangon FM a 2022.

Mu a nan Tahoua buƙatarmu ta sha bamban, domin cunkoson motoci bai dame mu ba. Manomi so yake ya ji inda damina ta sauka da kuɗin tiyar hatsi, makiyayi kuma yana son sanin farashin bisashe a kasuwar Abalak da inda ciyawa ta rage, yayin da matafiyi ke tambayar lafiyar hanyar Ƙonni ko ta Agadez. Gidajen rediyonmu suna kawo wasu daga cikin waɗannan, sai dai ba a tsayayyen lokaci ba, kuma zangon FM da yawancinsu ke aiki da shi ba ya nisa sosai da gari, alhali matsakaicin zango yana ratsa ɗaruruwan kilomita, musamman da dare, wanda hakan ya fi dacewa da ƙasa mai faɗi irin Nijar.

Na san tashar labarai zalla tana cin kuɗi da ma'aikata fiye da ƙarfin kasuwar tallanmu. Roƙona ga shugabannin gidajen rediyo shi ne su ware ko da minti biyar a farkon kowace awa, cikin Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da Buzanci, su kuma riƙe wannan lokaci ba fashi.

Naka mai karatu,
Wani tsohon mai gyaran rediyo,
Tahoua