Rahoton Kwamitin Gyaran Tsohon Soron Sakatariya

Kwamitin da majalisar ƙaramar hukuma ta ɗora wa gyaran tsohon soron sakatariya yana sanar da jama'a cewa aiki ya kammala, alhamdu lillahi, ma'aikata sun koma ofisoshinsu.

Matasa da yawa ba su san cewa asalin ginin nan gidan gona ne na hakimi ba. Nan yake sauka da iyalinsa da damina har zuwa kaka, kamar yadda sarakunan Kano suke da gidajen hutu a Fanisau da Ɗorayi. A zamanin En'e malaman haraji suka fara zama a zaurensa. Da aka yi garambawul na 1976, aka raba Najeriya zuwa ƙananan hukumomi 301, sabuwar majalisarmu ba ta da ko ɗaki guda, sai magada suka ba da gidan.

Ɓarnar da muka tarar daga siminti ta fito. An taɓa shafe bangon ƙasar da shi, ruwa ya riƙa shiga ta tsagu ya rasa hanyar fita. Da magina suka ɓamɓare shafen kusurwar gabas, tubalin ciki ya jiƙe har yana marmashewa a hannu, gara kuma ta cinye katakon da aka cusa a madadin azara.

Wasu sun ce a rushe a zuba bulo. Mun ƙi, kuma har yau muna kan bakanmu. Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda Hanns Vischer, Baturen da ake yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya zauna, na ƙasa ne, ga shi hukumar tarihi da al'adu ta jiha tana aiki a cikinsa.

Sarkin magina da yaransa suka karɓi aikin. Sun sa sabuwar azarar giginya, suka sake ɗaurin bakan zauren, suka ta da zankwayen da suka zube. Bangon waje an yaɓe shi da makuba, wadda ake jiƙawa daga ɓawon ɗorawa. Rufin kuwa laso aka yi masa, wato shafen hana yoyo, da katsin marina (abin da ke kwantawa a ƙasan rijiyar rini) da gashin jima da dafara (wani tsiro mai yauƙi). Samun katsin ne ya ja mana jinkiri, don marinar da ke aiki ta yi ƙaranci. Wayar lantarki a bututu muka bi da ita, ba a fasa bango ba.

Muna roƙon majalisa ta sa kuɗin yaɓe a kasafin kowace shekara, ta kuma ɗora wa ma'aikaci guda share indararo kafin ruwan farko. An miƙa makullai da takardun kashe kuɗi ga sakataren majalisa, duk mai son dubawa ya je ofishinsa.